Rigar Malam da Ba a Wankewa

Sunana Kulu, amma in aka rubuta Kulu kawai ba wanda zai gane ni, sai an ƙara "mai daddawa". A Wurma aka haife ni, a can aka yi mini aure, a can na koyi sana'a. Yanzu muna zaune a Dutsin-Ma a gidan ɗana, tun da zaman ƙauye ya yi wuya muka taso ni da Malam mijina, Allah ya jiƙansa. Ban iya rubutu ba. Jikata Sadiya ce ke riƙe da biro, ni nawa faɗi ne. Na ce mata duk abin da na faɗa ta sa, har wanda ya taɓa ta, don zan ba wani ya karanta mini in ji ko ta rage.

Abin da ya jawo maganar nan, ita da ƙawayenta ne suka ga wata mata a waya tana yin daddawa. Suka nuna mini. Matar ta sha lalle, ta sa zobba, ta zuba kalwa a tukunya, kafin in gyara zama ta dahu, kafin in yi hamma ta ruɓa, kafin in tambayi ina wutar take har an zuba a roba an manna takarda. Sadiya ta ce, "Kaka, ashe abin ba wuya, dafa wake ne a bar shi ya lalace. Mu ma za mu fara, mu riƙa turawa Abuja." Na ce to madalla. Ashe duk tsawon rayuwata wake nake bari yana lalacewa, ban sani ba sai da waya ta faɗa mini. To ku zauna, 'yan Abuja, in ba ku labarin yadda ake lalata wake.

Tun daga bisa ake fara daddawa. Da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ɗorawa ke nuna. Malam yana da gora doguwa da ƙugiya a kanta. Zai tsaya ƙarƙashin itacen ya ɗaga kai yana saƙalo 'ya'yan yana fizgowa, ni ina tsincewa, tururuwa na zubo mana a wuya. In ya dawo gida wuyansa ba ya juyawa, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya in an kira shi. Sai a ɓare, a daka, a fitar da garin nan rawaya da yara ke sha, a wanke ƙwayar. Ita ce kalwa. A wayar ban ga wannan ba. Wataƙila a Abuja daga buhu kalwa ke tsirowa.

Wadda ta koya mini ita ce Gwaggo Yelwa, ƙanwar mahaifin Malam. Mace ce gajeruwa, ba ta dariya sai in wani ya ƙone. Mu biyu ta ɗauka a lokaci guda, ni da wata sa'ata, Tasalla, ɗiyar maƙwabta, wadda daga baya aka kai ta aure Karofi. Ku riƙe sunan nan, za ta dawo, don ita kullum sai ta dawo.

Ranar farko Gwaggo ta ɗora tukunyar ƙasa wadda yaro zai iya ɓuya a ciki, ta ce mu tsare wuta. Kalwa ba wake ba ce, taurin kai gare ta kamar tsakuwa. Tun asuba ake hura mata gungume, ana ƙara ruwa, ana ƙara icce, sai rana ta faɗi ko za ta yarda ta yi laushi. In ruwa ya tsotse kika yi gyangyaɗi, ta kama, ƙaurin nan ba ya fita har a miya. In ta yi laushi a zuba a turmi da toka a surfa, ba da ƙarfi ba, don in kika saki taɓarya irin ta dakan fura kin farfasa ta. Daga nan sai rafi. A durƙusa da kwando cikin ruwa ana murzawa, baƙin ɓawon yana tasowa yana tafiya, a rege a ƙwarya a fitar da tsakuwa. Gwaggo takan zuba hannu cikin abin da muka rege, in ta samu tsakuwa ko ɗaya ba ta zagi, sai ta miƙo maki ta ce, "Tauna." Tasalla ta tauna tsakuwa ta fi ni. In kun tambaye ta za ta ce ni na fi ta. Ƙarya take.

Duk wannan wahala ce kawai, ko jaki zai iya in aka ba shi hannu. Sana'ar tana wajen rufi. In an sake dafa ta ta biyu, a tsane da zafinta, a shimfiɗa ganyen kalgo a kwando, a juye, a rufe da ganye, sannan a lulluɓe a kai ɗaki mai ɗumi a ja ƙofa. Abin lulluɓin nan shi ne komai. Gwaggo tana da wani tsohon gwado, ya yi baƙi ƙirin, ya sandare, in kin jingina shi da bango zai tsaya da kansa. Ba a wanke shi, ba a bar shi a ruwan sama, ba a aro. Ita ma a wajen uwarta ta same shi. Duk daddawar da ta kwana a ƙarƙashinsa takan fito da yauƙi kamar zare, da wari mai hawa kai, da wani gardi can ƙarshen harshe wanda ba a samu a ta kowa. Kowace mai daddawa da warinta, kuma a tsummanta yake zaune. Kada ku tambaye ni abin da ke ciki. Ban gani ba, na dai san yana da rai, yana son a riƙa ciyar da shi, kuma sabulu na kashe shi.

Da na fara yin tawa a gidana, na lulluɓe da sabon buhu. Ta fito da ruwa-ruwa tana tsami. Na sake, na sa zanena, ta fito busasshiya kamar kashin awaki. Na je wajen Gwaggo in roƙi gefen gwadonta, ta dube ni kamar na ce ta yanko mini kunne. Na dawo na zauna bakin murhu ina kuka. Malam ya shigo, ya gan ni, ya shiga ɗaki ya fito da rigarsa ta saƙi, ta rini, mai aiki a wuya. Ita ya sa ranar ɗaurin aurenmu, kuma ita kaɗai ce rigarsa ta fita kunya. Ya naɗe ta ya tafi gidan Gwaggo. Ya ce, "Gwaggo, ban zo aron gwado ba. Ki sa wannan a ƙarƙashinsa, ta riƙa kwana tare da shi har ta koya." Gwaggo ta ce, "Kai da me za ka je Juma'a?" Ya ce, "Allah ya san ni ba riga."

Rigar ta yi damina guda a ƙarƙashin gwado. Da aka dawo da ita na lulluɓe kwandona, na ja ƙofa. Ranar da na buɗe, warin ya kore kaji daga tsakar gida. Na sa yatsa na ɗago, zare ya biyo ni. Tun daga ranar ban sake zubar da kalwa ba.

Sau ɗaya Malam ya gwada karɓar abarsa. An yi ɗaurin auren ɗan mai gari, ya ce zai ara na yini guda, ya kakkaɓe ta, ya yi mata turare, ya saka. Ya dawo yana ba ni labari, wai tun da yake bai taɓa samun sarari a masallaci irin na ranar ba, sahu ya buɗe masa hagu da dama, liman ya gajarta addu'a. Ya cire ya miƙo mini ya ce, "Riƙe kayanki, ta zama taki." Daga nan mutane suka sa masa suna mijin mai daddawa. In an tsokane shi a majalisa yakan ce, "Ku je ku sha miyarku lami, ku dawo mu yi magana."

Ranar kasuwar Dutsin-Ma nakan fito da faifai cike, an kirɓa, an dunƙula, an fyaɗe, an shanya har ta yi baƙi tana sheƙi. Da can a ƙafa, Malam na gaba da jaki, daga baya a mota, direba na cewa a ɗaure kayana a bisa can baya. Wurin zamana kuwa kusa da Tasalla, don masu kasuwa sun ga gara a tara wari wuri guda. Shekara da shekaru muna kafaɗa da kafaɗa, ban tuna ranar da muka rabu ba mu taɓa juna ba. In mai saye ya tsaya gabana sai ta ce, "Bawan Allah, in kana da sauran haƙori matso nan, ta Wurma da tsakuwa ake auna ta." Ni kuma in ce, "Je ka, ɗana, ta Karofi ba ta da laifi, ko jariri zai iya ci, don ba ta da ɗanɗanon komai." Ita da tsumman da ta samu a gidan mijinta take rufi. Ba laifi, ana ci. Amma ta san tawa ta fi, kuma ta san dalili, don a gabanta aka kai rigar gidan Gwaggo.

Masu saye iri-iri ne. Akwai matan ma'aikata masu toshe hanci da gefen mayafi, su ce a sa leda cikin leda, a ɗaure, kada motar Alhaji ta ɗauka. In baƙi suka yaba miya su ce dunƙulen kanti ne. Akwai Fulani masu tallan nono, su ba su da wannan fi'ili, su ɓantara su ɗanɗana a gabanki su gaya maki gaskiya. Sai Hajiya Barira mai tuwo a tasha, wadda ta fi kowa sani. Ita ba ta ɗanɗanawa. Takan karya ɗaya ta kai hanci ta rufe ido, in ta buɗe ta ce "zuba", an gama. Ba ta taɓa tsayawa gaban faifan Tasalla ba sai don gaisuwa, gaisuwar ma a tsaye.

Akwai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye, da bazara ta zo furen ɗorawa ya kakkaɓe bai ɗaura ba. Itatuwa tsaye ba ko ɗa. Masu daddawa suka watse. Wasu suka koma gurguzu, 'ya'yan yakuwa, suna yin daddawar batso, wasu suka koma waken suya suna rantsuwa kalwa ce. Tasalla ta yi duka biyun, ta ƙara da rantsuwar. Ni abin da ya hana ni barci ba kasuwa ba ce, rigar ce. In ta daɗe ba ta sha tururin kalwa ba za ta mutu, ta zama tsumma kamar kowane tsumma. Malam ya ɗaura wa jaki mangala ya ce zai je neman hatsi. Ya bi ƙauyukan Kurfi ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ƙafafu a kumbure. Na buɗe mangala, gefe ɗaya dawa, gefe ɗaya kalwa. Na ce, "Malam, yara kalwa za su ci?" Ya ce, "Ita ma rigar baki gare ta." Muka bi shekarar nan da tuwo sau ɗaya a yini da tafasa da zogale. Ni kuma kowane mako in dafa kalwa cikin tafin hannu, a 'yar ƙwarya, in lulluɓe ta da wannan ƙatuwar riga kamar an rufe ƙwai da bargo. Maƙwabta na dariya, suna cewa gidan Malam mutane na azumi riga na cin abinci. Da ɗorawa ta dawo, masu dariyar sun nemi warinsu sun rasa, nawa yana nan.

Bara, bayan an cire amfanin gona, Malam ya kwanta. Ba wani dogon ciwo. Ranar da zai tafi ya yi sallar azahar a zaune, ya ce in ba shi ruwa, na je ɗebowa. Sadiya, ajiye biron tukuna.

To, ɗauka. Sun ce mai ba da labarin sana'a ba ya kuka, ni ina yi, in takardar ta jiƙe ki sake wata. Mutumin da tun ina yarinya ban taɓa ɗora tukunya ba tare da ya kawo icce ba, na dawo da moɗa a hannu na tarar ba mai sha.

Gida ya cika da 'yan gaisuwa. Ina zaune a ɗaki ban san wa ya shigo wa ya fita ba. Amma na tuna zuwan Tasalla, ranar sadakar bakwai. Ta shigo da sandarta, ta tsaya, ta ce, "Kulu, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta." Ta ce bari ta zaga. Da ta dawo ko zama ba ta yi ba, daga bakin ƙofa ta ce ta tafi, tana rungume da cikinta a ƙarƙashin hijabi kamar mai murɗa. Ko ruwa ba ta sha ba. Na riƙe abin a raina. Na ce duk zaman da muka yi, gaisuwar mijina a tsaye, irin ta Hajiya Barira.

Sai bayan arba'in na iya leƙa ɗakin daddawa. Ga kwando, ga turmi, ga faifai, an share an goge, har ƙamshin sabulu ke tashi. Ba riga. Na kira Rabi matar ɗana, uwar wannan mai rubutun. Na ce, "Rabi, ina rigar da ke kan kwandon nan?" Ta ce, "Inna, ta Baba? Ai ranar bakwai da aka tattara kayansa za a wanke a bayar sadaka, na gan ta a yashe, na gane aikin wuyan. Wallahi tausayi ta ba ni, a ce rigar Baba tana nan tana wari, mutane su ce ba mu kula da shi ba. Na sa a cikin wanki." Na ce wa aka ba? Ta ce mata ne da yawa suka yi wankin, kaya kuma an raba wa mabukata, ba ta san wanda ya samu ba.

Ban zage ta ba. Yarinyar kirki ce, ladabi ne ya yi mata yawa. Tare muke tun tana amarya, tana ganin ina lulluɓe kwando da rigar, amma a zatonta rashin tsumma ne ya sa. Na zauna a ƙasa cikin ɗakin nan mai ƙamshi, na yi kukan da ya fi na ranar farko. Aka taru ana ba ni haƙuri, ana cewa Inna sai addu'a, Baba ya riga ya tafi. Ba wanda zan iya ce wa yau riga nake wa kuka, kada a ce tsohuwa ta zautu.

Ina cikin takaba, ba fita, amma hannu ya saba. Na sa aka sayo kalwa, na dafa, na surfa, na rufe da buhu. Ta yi. Daddawa ce, wanda bai sani ba zai ci ya gode. Na aika wa Hajiya Barira. Kafin la'asar faifan ya dawo yadda ya tafi, da saƙo wai a gaishe ni, a ce Allah ya ƙara haƙuri, in huta tukuna. Daga baya na ji wai yanzu a wajen Tasalla take saye, har tana cewa tsufa ya gyara wa Tasalla hannu. Na ce ikon Allah, mace ta yi shekaru tana dafa ruwa, sai da haƙoranta suka zube ta iya.

Na daina yi. Rabi ta ga ba daddawa a gida, ba ta gaya mini ba ta saya a kasuwa. Ran nan ta kawo mini tuwon dawa da miyar kuka da rana. Na gutsura, na kai baki, na tsaya. Na sake ɗangwalar miyar zalla na sa a harshe. Gardin nan na can ƙarshe, ga shi. Na ce, "Rabi, kawo mini ragowar daddawar da kika sa." Ta kawo, ta ɗauka laifi ta yi. Na karya na kai hanci. An cika mata kanwa, an yi gaggawar shanya, dunƙulin ma a karkace, wannan duk hannun Tasalla ne. Amma warin nawa ne. Na ce, "Wajen wa?" Ta ce, "Wajen Baba Tasalla." Sai cikin nan da aka rungume a ƙarƙashin hijabi ya faɗo mini a rai. Rabi ta ce rabon da ta ga na cinye tuwo tun Baba na da rai sai ranar.

Sauran kwanakin takaba na yi su ina shirya abin da zan faɗa. Washegarin da na fita, na sa aka kira mai babur, na ce Karofi. Ɗana ya ce, "Inna, ki bari a samo mota." Na ce ɓarawo ba ya jiran mota.

Tun daga zaure na ji ta. Na yi sallama, Tasalla na zaune a gindin turmi tana tsince kalwa. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Sai yau? Na ɗauka hancin ma an binne shi tare da Malam."

Na ce, "Tasalla, a gidan mutuwa? Mutane na zuwa da hatsi da addu'a, ke kin zo da hannu?"

Ta ce, "Na zo da ido. Na fita zagawa na ga an tara kaya bakin rijiya, ruwa na tafasa, wata mai ƙiba ta kwance sabulu, surukarki ta ɗauko rigar da yatsu biyu ta jefa a kai. Me kike so in yi? In tsaya in yi masu wa'azi? Su ce tsohuwa ta zo gidan rasuwa tana faɗa a kan tsumma?"

"Sai ki shigo ki ba ni."

"In ba wa? Ke da na tarar ba ki san hagunki ba? Ki rungume ta ki jiƙa ta da hawaye, ba wuta ba kalwa, ta mutu a hannunki, ko a sake kamawa a wanke? Na kawo ta inda za ta ci abinci."

Na ce, "Ta ci abinci, ke kuma kin ci kasuwata. Har Hajiya Barira."

Sai ga dariya, baki ba haƙori. Ta ce, "Wallahi na ci, ba zan ɓoye ba. Kulu, kin san yadda ake ji matar nan ta rufe ido a gaban faifanki ta ce zuba? Tun muna da ƙuruciya nake jira. Da na ji kin rufe da buhu an dawo maki da kaya, na yi dariya har na ƙware."

"Kin ji, kuma ba ki aiko ba."

"Na ce in ta gane abarta ta zo da ƙafarta. In ba ta gane ba, to ta tashi daga mai daddawa, riga ta samu gida."

Ta dogara sanda ta shiga ɗaki, ta fito da ita a naɗe, da ɗuminta, yanzu aka ɗaga ta daga kan kwando. Na karɓa na warware. Ga aikin wuyan, ga ƙunar da ta samu shekarar da garwashi ya faɗo mata. Hannun hagu babu, an yanke shi da wuƙa tun daga kafaɗa.

Na ce, "Ina hannun mijina?"

Ta ce, "Ladan kiwo. Ko akuya kika ba Bafulatani ai da rabonsa."

Na buɗe baki zan zazzage mata abin da na tanada, sai na kai rigar fuskata. Sadiya, ku da kuke kallon fina-finai za ku ce ƙamshin Malam na ji. Wane ƙamshi? Rigar da rabonta da jikinsa tun ubanki bai zo duniya ba. Warin daddawa ne zalla, mai sa ido ruwa. Sai dai shi ma Malam haka yake wari. Hularsa, rawaninsa, buzun sallarsa, gemunsa, duk sun ɗauka, don a gidana ya yi rayuwarsa kuma bai taɓa cewa in matsar da kwando ba. Na durƙushe a tsakar gidan Tasalla. Ta bar ni na yi mai isata, ba ta ce in yi haƙuri ba. Can ta ce, "Ɗaga fuskarki daga kai, gishiri na ɓata ta." Sannan ta kawo fura muka sha.

Yanzu ina yi kaɗan-kaɗan, gwargwadon ƙarfi, icce ma saye ake. Hajiya Barira ta dawo, amma tana raba sayenta biyu, rabi nan rabi Karofi, munafuka.

To 'yan Abuja, kun ji yadda ake lalata wake. In har yanzu kuna so, kowace ta kawo tsummanta, na auduga, ba wannan mai santsi da kuke yafawa ba, in sa a ƙarƙashin rigar ya yi damina. Kafin nan akwai rafi, akwai toka, akwai tsakuwar da za a tauna, kuma a cire zobba.

Ke kuma Sadiya, wannan naki ne, ki rubuta shi da manyan baƙi. Ranar da aka ce Kaka ta cika, kada ki fara da kuka, masu kuka za su samu. Ki wuce ɗakin daddawa ki ɗauke rigar ki sa a ƙarƙashin hijabinki kafin uwarki ta ɗora ruwa. Tasalla ta tsufa, ba lallai ta iso a kan lokaci ba.